KO MACE KO NAMIJI, IHSAN — Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da cewa in sa Malama ta haɗa kayanta ta gudu, na ji ku. Sai dai ku tuna mace ce mai tsohon ciki, likita ya hana ta ko sunkuyawa, kuma a can saman bene take. Gudu a baki ba shi da wuya. Ga shafinku.

*

Tun da kafinta ya shigo da katakon gadon jariri, ya tsaya a tsakiyar falo ya ce, "Hajiya, wane ɗaki?" Yaya Babba ta nuna masa nata ɗakin da baki, Malama ba ta ƙara jin daɗin kwanciya ba.

Tana kwance ta gefen hagu yadda likita ya ce, filo ɗaya a ƙarƙashin ciki, ɗaya tsakanin gwiwoyi. Ta bango take jin guduma. Sai a yi shiru, sai ta ji muryar yayar mijin nata tana cewa a matsar da gadon daga bakin taga, iska tana shigowa ta nan.

Wato har an san inda iska za ta bugi ɗan da bai zo ba, ita da ke ɗauke da shi ba a tambaye ta ba.

A gaban allo ta ga jini, tana koya wa 'yan aji biyu jimla. Likita ya ce mabiyiya ce ta zauna a ƙasa ta tare hanya: ba aiki, ba hawa ba sauka, ba tsayuwar da ta wuce ta alwala. Mijinta Injiniya yana can nesa wajen aikin gada. Gidan yayarsa kuwa yana kallon asibiti, titi ne kawai tsakani. Kowa ya ce Allah ne ya kawo sauƙi. Aka hau da ita a lif, lif ɗin bai daɗe ba ya mutu, har yau ana jiran mai gyara.

Kuma Yaya ba ta rage ta da komai ba. Ita ke haɗa mata ruwan wanka, ita ke yanke mata farcen ƙafa, ita ke matsa mata dunduniya in ta kumbura. Da mugunta aka yi mata, da ta san inda za ta kai ƙara. Da alheri aka ɗaure ta, shi kuwa igiyarsa ba ta barin shaida a jiki.

Ƙofar falo ta rufe bayan kafinta. Can sai ga Yaya da faranti, lemo da 'yar wuƙa a kai, guntun zare fari maƙale a kafaɗarta. Zare ba ya rabuwa da jikinta. Sana'arta ke nan, ɗinka sunayen jarirai a kan shawul da tawul, da keken da ke kwanar falo.

"Amaryarmu, an tashi? Mutumin nan ya hana ki barci da ƙwanƙwasarsa."

"Ban yi barcin ba, Yaya."

"To ci wannan. Likita ya ce jininki bai cika ba."

Ta zauna a bakin gado ta fara feraye lemon, ɓawon yana sauka a murɗe bai tsinke ba.

"Yaya."

"Na'am."

"Na ji an kai gadon ɗakinki."

"E. Ke ma kin ga nan ɗin, ko sallaya da ƙyar take shimfiɗuwa."

"In an cire teburin nan zai shiga."

"Mai jego barci take so. Ke ba ki san jariri ba, sai kin fara lumshe ido yake tuna yana da murya."

"To in na warke fa?"

"Allah ya kai mu."

"Amin. In na warke na koma gidana, gadon zai bi mu?"

Ɓawon lemon ya tsinke. Yaya ta tsince shi daga cinyarta ta ajiye a gefen faranti.

"Ki ci tukuna."

Malama ta dafa katifa ta yunƙura. Ta sauko da ƙafa ɗaya, ta sauko da ɗayar.

"Ina zuwa? Banɗaki? Bari in riƙe ki."

"Gadon zan gani."

"Likita ya ce..."

"Likita ya ce kar in sauka bene. Bai ce kar in ga inda ɗana zai kwana ba."

Ta bi bango da hannu, ta wuce keken ɗinki, ta tura ƙofar da tun zuwanta ba ta taɓa turawa ba.

Gadon fari ne, an jingina shi da na Yaya har suna gogar juna, yadda mai kwance zai miƙa hannu cikin barci ya taɓa jariri. A bango, saman kansa, an rataye ƙyalle mai ɗinkin zare ruwan zuma. IHSAN.

Wannan bai girgiza ta ba. Sunan da suka tsayar ne ita da mijinta. Ko kuwa a ce sunan da ya kawo ta amsa.

Ta tuna ranar. Tana riƙe da sakamakon gwaji, bai ma gama murna ba ya ce, "Ihsan." Ta yi dariya ta ce masa, "Haba, a ajina kaɗai huɗu ne. Akwai Ihsan doguwa, akwai Ihsan mai kuka, akwai Ihsan namiji, akwai ɗaya namijin da ya ce shi ma sai an kira shi Ihsan namiji. In na kira suna hannu huɗu ke tashi, in aka fasa gilashin taga kuwa babu ko ɗaya." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to a ƙara musu na biyar. Da aka zo hoton ciki, mai hoton ta ce ko suna so su san jinsi, ya yi caraf ya ce a bar wa Allah, ai sunan ya hau kowa. Ita a lokacin tawakkali ta gani. Har ta ba abokan aikinta labari.

Abin da ya tsayar da ita kabad ce. Kafinta ya ja ta gefe don gado ya samu wuri, ƙofarta ta buɗe ba wanda ya lura.

Shawul ne a jere, hawa-hawa, tun daga ƙasa har sama. Farare, ruwan ƙwai, kore-kore mai haske. Babu ruwan hoda ko ɗaya, babu shuɗi ko ɗaya. Na sama sababbi ne fil. Na ƙasa sun yi jaja-jaja a bakin ninki, irin na kayan da suka daɗe ba a buɗe ba. Ta zaro ɗaya daga can ƙasa. Ɗinkin hannu ne, ba na keke ba, harufan a karkace kamar na mai koyo.

Sunan ɗaya ne.

"Wannan ya girmi aurena," in ji Malama.

"Ya girmi shigar mijinki jami'a."

Yaya tana tsaye a bakin ƙofa, wuƙar lemon tana hannunta, ta manta da ita.

"Zauna, don Allah. Ki zage ni a zaune."

Malama ta zauna a bakin gadon, shawul ɗin a cinyarta.

"Waye Ihsan, Yaya?"

"Kin san na taɓa haihuwa."

"An ce min kin yi ɓari."

"Haka ake faɗa. Ya fi sauƙin faɗa." Ta ajiye wuƙar a kan madubi. "Wata tara cif. Ina wanke-wanke na faɗi. Na farka a asibiti, cikina a ɗinke, an cire abin da ke ciki, an haɗa da mahaifar an cire. Na ce ina ɗana? Aka ce in yi haƙuri, bai zo da rai ba, an riga an kai shi. Na ce to me na haifa?"



"Me suka ce?"

"Suka ce in yi haƙuri."

"A'a, ina nufin mace ko..."

"Shi nake gaya miki. Suka ce in yi haƙuri. Mamarmu, Allah ya jiƙanta, ta tara kowa a bakin ɗakin ta ce kar wanda ya gaya min. Wai in ban sani ba zai fi saurin fita daga raina. Wai abin da ido bai gani ba zuciya ba ta riƙe shi. Uwar mijina ta ce wannan gaskiya ne, haka aka yi wa wance ta warware. Nas ɗin ma da na kama wa hannu, ta ce iyayenki sun fi ki sanin abin da ya dace da ke."

Haka manya suke. In suka haɗu a kan magana ɗaya sai su ɗauka hikima ce, alhali wani lokaci tsoron kuka ne kawai ya haɗa su. Ba wanda ya taɓa komawa ya tambayi wancen da aka ce ta warware.

"Mijinki fa?"

"Ya bi maganar uwarsa. Daga baya ya bi ta har wajen sakina, tunda ba sauran abin jira a jikina. Ya rasu bara waccan, da sirrin a cikinsa."

Malama ta dubi shawul ɗin da ke cinyarta.

"Sai kika sa masa suna."

"Da wane suna? Ke malama ce, faɗa min. In na ɗaga hannu zan yi addu'a, in ce Allah ya haɗa ni da shi, ko da ita? Na je wajen wani malami na ce ko akwai sunan da ake sa wa mace a sa wa namiji. Ya ce wanda bai yi kuka ba ba ya bukatar suna. Na ce ni ce nake bukata. Ya ce in yawaita istigfari."

Ta ɗan murmusa, murmushin da bai kai ido ba.

"Ina koyon ɗinki a shagon wata mata, sai ga wata ta kawo tawul biyu. Jikokinta ne aka haifa a mako ɗaya, ɗan ɗanta da 'yar 'yarta. Ta ce a rubuta Ihsan a kowanne. Na ce Hajiya, wanne ne na macen? Ta ce duk ɗaya ne, 'yar nan, sunan ba ya tambaya. Na ce me yake nufi? Ta ce Larabci ne, kyautatawa, dangin su Hasan ne. Ka yi alherin da ya wuce wanda aka wajabta maka. Ta ce ai kin ga aiki ne, kowa yana iya yinsa, shi ya sa ba a ware shi ga maza ko mata ba. Na ce to. Na shiga bayan shago wajen buhunan ƙyalle, na toshe bakina da gyale."

Wata mota ta yi ham a ƙasa. Daga tagar ana hango rufin asibiti da tankunan ruwansa.

"Lokacin ba kowa ke sa shi ba. Sai ki shekara ba ki ji shi ba. Nawa ne ni kaɗai. Can kuma ban san me ya faru ba, kamar an buɗe famfo. Wannan ta haihu, Ihsan. Waccan ta haihu, Ihsan. Wata ta ce a waya ta gani, wata ta ce gajere ne ba ya wahalar da baki, wata ta ce maƙwabciyarta ce ta sa ya yi mata daɗi. Akwai wadda na tambaya ma'anarsa ta ce ita dai ta ji yana da sanyi. Duk a kan kekena suke saukewa. In ɗinka, in goge, in naɗe, in ce Allah ya raya. Da hannuna nake rarraba sunan ɗana a gidajen mutane, suna tafiya da shi a leda."

"Shi ya sa kike ɗinka naki ki ajiye."

"In na yi wa mutane goma, sai in yi wa kaina ɗaya."

Malama ta ji tausayi ya kama ta, ta tsani abin. Ba tausayi ta shigo yi ba. Da tambaya ta shigo, kuma ta ga yadda tausayin yake neman ya zaunar da tambayar a ƙasa ya hau kanta.

"Allah ya ba ki ladan haƙuri, Yaya. Da gaske nake. Amma ban ji inda nawa ya shigo ba."

"Autanmu, mijin naki, bai gaya miki ba."

Ba tambaya ba ce.

"Me zai gaya min?"

"Shi ya riƙe gawar zuwa maƙabarta. Yana saurayi, gemu bai fito ba. Yana wurin aka yi wanka."

"Ya sani ke nan."

"Ya sani. Duk wanda ya sani ya mutu, saura shi."

"Kuma bai faɗa miki ba?"

"Mama ta sa shi ya rantse. Bayan rasuwarta na tsare shi a kicin, na rufe ƙofa, na ce yau sai ka faɗa. Ya durƙusa ya riƙe ƙafata yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce Yaya, rantsuwa ce, kuma wadda na yi wa ba ta nan balle ta warware min. Ya ce amma ki ji wata rantsuwar: duk abin da Allah ya fara ba ni, mace ko namiji, naki ne. Ki sa masa sunan, ki rene shi a ɗakinki."

"Lokacin ya san ni?"

"Bai san ki ba."

"To da ya san ni fa? Da ya zo neman aurena, da kika zo kina ce min ƙanwata, kina auna min labule?"

"Na ce ya gaya miki. Ya ce sai an ɗaura. Aka ɗaura, ya ce sai an samu ciki. Aka samu, ya ce sai ya yi ƙwari. Da kika ga jini ya ce yanzu kuma ai ba a tayar miki da hankali."

"Sai in na haihu a miƙo miki ta taga."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

"Za ki shayar. Kullum kina zuwa. Ba wata ƙasa zan kai shi ba, ga gidanku ga..."

"Ina zuwa." Malama ta maimaita a hankali. "In yi sallama a ba ni ɗana in gani, in ya yi kuka a karɓe a ce bai saba da ni ba."

"Ke yarinya ce, za ki haifi wasu."

"Likitan da ya ce wataƙila sai an yi min aiki, ya ba ki takardar cewa za a bar min tawa mahaifar?"

Yaya ta runtse ido kamar an watsa mata ruwa. Malama ta san inda ta soka, kuma ba ta janye ba.

"Ba ni wayata."

"Yana wajen aiki yanzu."

"Ba ni, Yaya."

Ta kawo mata. Malama ta kira, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta ɗora wayar a kan sabuwar katifar jaririn da ko ledarta ba a cire ba. Ƙarar injin haƙa ta fara shigowa kafin muryarsa.

"Malamata. Yaya jikin? Ɗalibin naki yana motsi?"

"Ina ɗakin Yaya. Ina kallon gado."

Injin ya ci gaba da ƙara. Sai ta ji ƙarar tana nisa, alamar ya matsa gefe.

"Yaya tana kusa?"

"Ina ji, Auta," in ji Yaya.

"Na ce ki bari in dawo."

"Kabad ce ta buɗe."

"Da ni za ka yi magana," in ji Malama. "Ranar da ka ce min Ihsan, ni na ɗauka daga zuciyarka ya fito. Ashe saƙo aka ba ka."

"Ki kwantar da hankalinki, kin san yanayinki."

"Na san yanayina. Yau ma na ƙara saninsa. Ka yi kyauta da abin da rabinsa ba naka ba ne."

"Ba kyauta ba ce. Yaya ce fa. Ita ta riƙe ni bayan Mama. Ɗa ai na kowa ne."

"Naƙuda fa, ta kowa ce?"

Malama ta ci gaba.

"Saurara. Abin da matar nan ta tambaye ka kalma ɗaya ce. Ɗaya. Ga ta nan tsaye. Ka faɗa mata mace ta haifa ko namiji. Ka ba ta nata, ka bar min nawa."

"Na rantse wa Mama."

"Ka yi kaffara. Ana yi. Ni zan taya ka azumin in na tashi."

"Ba ki gane ba. Tana riƙe da hannuna ta sake tuna min, a gadon da ta rasu."

"Ita ma Yayar ka rantse mata."

"E."

"Ni fa? Da ka ɗauko ni daga gidanmu, me ka rantse min?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Wato kalma ta fi ƙarfinka, ɗa bai fi ƙarfinka ba."

"Malama, don Allah. In na karya ta farko na ci amanar matacciya. In na karya ta biyu na kashe Yaya da ranta. Ki gaya min inda zan sa kaina."

"Kai ka haƙa ramin, ni ka jefa."

"Kar ka faɗa."

Yaya ce ta yi maganar. Ta matso kusa da wayar, hannunta a kan katakon gadon.

"Kar ka faɗa, Auta. Ko ta matsa maka."

Malama ta ɗago.

"Ba shi kike nema ba tun farko?"

"Da a lokacin ne." Muryarta ta yi ƙasa. "Yanzu na rene su duka biyun. Ita na yi mata kitso, na huda mata kunne, bara a raina na kai ta ɗakin miji. Shi na kai shi makaranta, ya karye a ƙwallo, ya fi ni tsawo. In ya buɗe baki ya ce namiji, ya kashe min ita. In ya ce mace, ya kashe min shi. Na binne ɗaya ban gani ba, ba zan ƙara binne wani ina kallo ba."

A can wajen gada wani yana kiran Injiniya, yana cewa motar siminti ta iso.

"Zan kira anjima," ya ce. "Ku yi haƙuri da juna. Don Allah kar ki tashi tsaye."

Wayar ta mutu.

Malama ta dubi ƙofa, ta dubi taga. A ajinta in yara biyu suka kama fensir ɗaya tana da dabara: ta karɓe, ta ce wanda ya faɗi alamar da ke jiki shi ne mai shi. Nan kuwa kowa ya san mai shi. Ba wanda ya musa. Sun dai gama shawara ne cewa ita ce za ta fi iya haƙuri.

Abin da ke cikinta ya juya, ya tokare ta a haƙarƙari.

"Yana motsi?" in ji Yaya, hannunta ya taso da kansa.

"Kar ki taɓa ni."

Hannun ya tsaya a iska, ya koma.

Malama ta ɗauki wayar ta nemo lambar mahaifiyarta. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Umma, kina ina?"

"Ke da ba sallama? Ga ni a ƙasan benenku, yanzu mai tasi ya sauke ni. Wannan lif ɗin naku har yanzu? Gwiwoyina za su yi bayani yau."

Wani sanyi ya sauko wa Malama tun daga wuya. Ba ta san za ta zo ba. Allah bai manta da ita ba ke nan.

"Ki ce ya jira. Ki ce wa mai tasin kar ya tafi. Ki roƙi masu gadi biyu su hau da kujera su sauko da ni. Gida za ki tafi da ni, Umma, yau ɗin nan."

"Lafiya? Jinin ne?"

"Ba jini ba ne. Ki dai ce ya jira."

"Bari dai in hau tukuna."

Ta koma ɗakinta tana bin bango. Ba ta iya sunkuyawa, sai ta jawo jakarta da ƙafa daga ƙarƙashin tebur. Ta zuba magungunanta, katin asibiti, riguna biyu da ke kan kujera. Ta zura hijabi. Yaya tana tsaye a falo kusa da kekenta, ba ta hana ta ba, ba ta taya ta ba.

"In kika sauka benen nan wani abu ya same shi..."

"A kujera za a sauke ni."

"Gidanku da nisa da asibiti."

"Uwata tana can."

Suka tsaya suna sauraren takun tsohuwa yana hawowa, yana tsayawa, yana sake hawowa. Malama ta riƙe jakar da hannu biyu a saman cikinta. Tana ta shirya yadda za ta faɗa a taƙaice, don ta san Umma: ba ta son dogon zance, amma ko kaza ba ta yarda a taɓa mata, balle jika.

Aka ƙwanƙwasa. Yaya ta buɗe.

Umma ta shigo tana haki, mayafi ya zame mata zuwa kafaɗa, babbar jakar kwana a hannu ɗaya, bahon wankan jariri a ɗayan. Babu masu gadi a bayanta. Babu kujera.

Ta dubi 'yarta da hijabi da jaka, ta kawar da ido da sauri, irin kawarwar wanda ya san abin da zai tarar.

Sai ta juya wajen Yaya, ta miƙa mata bahon da hannu biyu.

"Maman Ihsan," ta ce, "ina za a ajiye wannan?"